Gudu Ne Ke Biyan Bashi: Abin Da Ke Sa Saurin Ɗan Tirayatlon Ya Ragu

Akwai wani abu da ke ɗaure wa masu atisayen tirayatlon kai, wato wasan nan da ake haɗa ninƙaya da tseren keke da gudu a jere ba tare da hutu ba. Mutum ne da can yake gudun kilomita 10 a minti 45 hankali kwance. Sai ya shiga shirin gasa, ya ƙara ninƙaya sau uku a mako, ya ƙara doguwar tafiyar keke ranar Asabar, awannin atisayensa suka ninka. Bayan wata biyu ya duba agogo ya tarar kilomita 10 ɗin nan yanzu minti 49 take ci, shi ma da ƙyar. Wahala ta ƙaru, sakamako ya ja baya. Abin da ke fara faɗo masa a rai shi ne gudun da yake yi ne bai isa ba, sai ya ƙara. A ganina babu kuskuren da ya fi wannan tsada a wasan, domin raguwar saurin gudu ba ciwo ɗaya ba ne, kuma galibi ba a gudun matsalar ta samo asali ba.

Tun daga tsarin wasan za a gane haka. A zangon Olamfik ana ninƙayar kilomita 1.5, a hau keke kilomita 40, sannan a yi gudun kilomita 10. A gasar Ironman, wadda aka fara a Hawai a 1978, ninƙayar kilomita 3.8 ce, keke kilomita 180, gudu kuma kilomita 42.2. Ko a wane zango, gudu ne ke zuwa a ƙarshe, kuma shi kaɗai ne a cikin ukun da mutum ke ɗauke da nauyin jikinsa. A ruwa, ruwan ne ke ɗauke da kai. A keke kana zaune a kan sirdi, in ka gaji a gangara ka daina murzawa, keken ya ci gaba da tafiya. A gudu babu wannan alfarmar, kowane taku ƙafa na karɓar bugun da ya kai ninki biyu zuwa uku na nauyin jiki. Shi ya sa duk bashin da aka ci a ruwa da kan keke, har da na barci da na abinci, gudu ake zuwa a tsare a ce ya biya.

Babban mai cin bashin kuwa keke ne, kuma dalilin lissafi ne zalla. Abin da mai keke ke fama da shi a kan titi miƙaƙƙe iska ce, ita kuwa iska ba ta da adalci: duk ƙarin saurin da kake nema, ƙarfin da za ka biya ya ninninka shi. In ka ƙara kashi 10 cikin ɗari na ƙarfin murzawa, saurin da za ka samu bai wuce ƙarin kashi uku zuwa huɗu ba. Ɗauki mai son wasan da ke gama kilomita 180 a awa shida. Ya matsa wa kansa da wancan ƙarin, ya tsira da minti 12 ko kusa da haka, ya sauko yana murna. To amma mai gudun kilomita ɗaya a minti shida, in ƙafa ta ƙi ya koma tafiya, sai ya ci minti 11 a kilomita. Asarar minti biyar ke nan a kowace kilomita. Kilomita uku kacal zai taka a ƙasa ribar keken ta tafi, alhali masu irin wannan kuskuren sukan taka goma ko fiye. Wannan ya sa masu horarwa ke yawan ba wa ɗan koyon Ironman shawarar ya tsaya wajen kashi 70 zuwa 75 cikin ɗari na ƙarfin da zai iya riƙewa na awa ɗaya, ko da kuwa yana jin ƙafarsa na neman ƙari. Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta, gudun da zai yi kyau ma tun a kilomita 60 na farko a kan keke ake yanke masa hukunci.

Saukowa daga keken ma da nata rigimar. Mutum ya shafe awanni a sunkuye, tsokokin gaban ƙugu sun tattare, jijiyoyi sun saba da juya feda, sai kwatsam a ce a miƙe a yi gudu. Gwaje-gwaje sun nuna cewa gudu bayan keke ya fi cin kuzari a kan gudun da aka fara da sabon jiki, kuma bambancin ya fi yawa ga marasa ƙwarewa. Abin mamakin shi ne a mintunan farko mutane da yawa ba sa jin saurin da suke yi. Idon da ya saba da kilomita 30 a awa gani yake gudun ƙafa rarrafe ne, sai mutum ya fita da saurin da ya fi ƙarfinsa, ya gane kurensa a kilomita ta biyar. Maganin wannan ba shi da wuya: a riƙa yin ɗan gajeren gudu na minti 15 zuwa 20 da zarar an sauko daga keke a lokacin atisaye, a koyi danne kai a farkon.

Sai maganar mai. Jiki na ajiye sukari a tsoka da hanta, wanda ake kira gilaikojin, kuma duka ajiyar ba ta wuce giram 500 zuwa 600 ba ga babban mutum mai horo. In ana aiki da ƙarfi, cikin awa ɗaya da rabi zuwa biyu ta yi ƙasa. Kitse kuwa akwai shi jibge ko a jikin siriri, sai dai ƙona shi na tafiya a hankali, don haka da sukari ya ƙare dole sauri ya faɗi. Hanji na iya tsotse wajen giram 60 na gulukos a awa, in an gauraya shi da sukarin 'ya'yan itace ya kai giram 90, kamar yadda aikin masanin abincin 'yan wasa Asker Jeukendrup ya nuna. Wurin cin nan kuwa kan keke ne, inda ciki ke zaune lafiya. Wanda ya bari sai ya fara gudu sannan ya tuna da abinci ya makara, don girgizar gudu da ƙarancin jinin da ke zuwa hanji kan sa abin da aka haɗiya ya tsaya a ciki ko ya dawo.

Zafi ya cancanci a ɗan daɗe a kansa, saboda shi ne ke kayar da manya a gaban kyamara. Jikin ɗan Adam inji ne mai ɓarna, kusan kashi ɗaya cikin huɗu ko biyar na kuzarin da ya ƙona ne ke zama motsi, sauran duk zafi ne da sai an fitar da shi. A kan keke iskar da ke kaɗa mutum a gudun kilomita 35 a awa tana busar da gumi tana sanyaya fata. Da ya sauko, iskar ta ragu da fiye da rabi, ga shi rana ta take. Jiki sai ya karkatar da jini zuwa fata don ya huce, gumi kuma na rage ruwan jinin, lita ɗaya zuwa biyu a awa. Jinin da ke komawa zuciya ya ragu, kowane bugu na tura ƙasa da abin da ya saba, sai zuciya ta ƙara yawan bugu don ta cike giɓin. Sauri bai canja ba, amma bugun zuciya na ta hawa. Daga nan ko dai mutum ya rage da kansa, ko jiki ya rage masa.

An ga yadda jiki ke ragewa a Cozumel ta ƙasar Meziko a watan Satumban 2016. Jonny Brownlee na Birtaniya yana kan gaba a gasar ƙarshe ta kakar duniya, saura 'yan ɗaruruwan mitoci, sai ƙafafunsa suka fara harɗewa kamar wanda ya bugu. Yayansa Alistair ne ya rungumo shi ya ja shi har layi ya tura shi ciki, Henri Schoeman na Afirka ta Kudu kuma ya riga ya wuce ya ci. Ba a ce Jonny bai yi atisayen gudu ba, wata guda kafin nan ya ɗauki azurfa a Olamfik ta Rio. A Olamfik ta Paris ma, ranar 31 ga Yulin 2024, bayan an ɗage gasar maza saboda gurɓatar ruwan kogin Seine ta koma hantsi lokacin da rana ta fara zafi, Hayden Wilde na New Zealand ya ba Alex Yee na Birtaniya tazarar da kowa ya ɗauka an gama. Yee bai bi shi ba, ya riƙe saurin da jikinsa zai ɗauka. Saura mita 400 ko kusa da haka ya zo ya wuce Wilde, wanda ƙafarsa ta riga ta mutu.

Jiki na sabawa da zafi, amma sai an ba shi kwana 10 zuwa 14 ana shiga a hankali, ruwan jini ya ƙaru, gumi ya riƙa fitowa da wuri. Wanda ke atisaye a Kano ko Sakkwato ko Yamai a watan Afrilu, lokacin da zafi ke haura digiri 40, bai kamata ya auna saurinsa da na lokacin hunturu ba, balle ya auna da na wani da ke gudu a sanyin Turai. Kuma ɗirkar ruwa ba ji ba gani shi ma haɗari ne, don yana tsinka gishirin jini. A wani bincike kan masu gudun fanfalaƙin Boston na 2002, an samu kashi 13 cikin ɗari na waɗanda aka gwada da wannan matsalar.

Duk wannan a ranar gasa ne ko a atisaye guda. Abin da ya fi wuyar ganewa shi ne saurin da ke zaizayewa mako bayan mako, irin na mutuminmu mai minti 49. A nan agogo shi kaɗai ba ya faɗin gaskiya, sai an haɗa shi da bugun zuciya da kuma yadda mutum ke ji a jikinsa. In sauri ya ragu washegarin doguwar tafiyar keke, kwana biyu kuma ya dawo, wannan gajiya ce ta halal, ita ake nema ma, don daga ita ƙarfi ke fitowa. In sauri ya ragu bugun zuciya kuma ya yi sama da yadda aka saba, a duba zafi, ƙarancin ruwa, ko wata rashin lafiya da ke tafe. Wanda ya fi yaudara shi ne na uku: sauri ya ragu, ƙafa ta yi nauyi, zuciya kuma ta ƙi hawa duk yadda aka matsa.

Na ce yaudara ne domin kowa ya san cewa bugun zuciya kan sauka idan mutum ya ƙara ƙarfi. Sai ɗan wasa ya ga lambar ta yi ƙasa ya ce madalla, horo ya fara aiki. Yann Le Meur da abokan aikinsa a cibiyar wasanni ta INSEP da ke Paris sun ɗora wa 'yan tirayatlon atisaye mai nauyi da gangan na mako uku, suka tarar waɗanda lodin ya fi ƙarfinsu bugun zuciyarsu ya sauka, a matsakaicin aiki da kuma a ƙololuwa, tare da faɗuwar ƙwazonsu. Bambancin a fili yake in an lura: mai ƙarfi zuciyarsa ta sauka kuma gudun ya yi masa sauƙi, mai gajiya zuciyarsa ta sauka amma gudun ya yi masa ɗaci. Masu binciken sun kuma gano cewa bayan an sassauta atisaye, waɗanda suka gaji daidai gwargwado sun fi samun ci gaba a kan waɗanda aka kai maƙura. Wannan ya karya tunanin nan na cewa sai ka rushe gaba ɗaya sannan za ka ginu.

Matsayar haɗin gwiwa da manyan ƙungiyoyin kimiyyar wasanni na Turai da Amurka suka fitar a 2013 ta kasa abin gida uku, kuma da tsawon jinya ake bambance su. Akwai wuce gona da iri da ke warkewa cikin kwanaki zuwa mako biyu, akwai wanda ke cin makonni ko watanni, akwai kuma wanda ke kwantar da ɗan wasa watanni masu yawa, wani lokaci ya raba shi da wasan. Matsalar ita ce babu gwajin jini guda da zai gaya maka a wane gida kake. Sai bayan ka huta ka ga tsawon lokacin da ya ɗauka. Alamomin da ke riga agogo zuwa kuwa na gida ne: barci ya ƙi zuwa duk da gajiya, saurin fushi, mura a kai a kai, abinci ya fita a rai, mutum ya ga takalmin gudu gabansa ya faɗi.

Har ƙwaƙwalwa abin ke taɓawa. A 2019 masu bincike a Paris sun ƙara wa wasu 'yan tirayatlon kashi 40 cikin ɗari na atisaye har mako uku, sannan suka ɗauki hoton ƙwaƙwalwarsu. Sashen gaba da ke taimaka wa mutum danne son zuciya ya yi sanyi, kuma sun fi zaɓen ƙaramar riba ta yanzu a kan babba ta gaba. Ma'ana, daidai lokacin da ɗan wasa ya fi buƙatar hankalin da zai ce masa tsaya, lokacin ne hankalin ya fi rauni. Ina ganin wannan ne babban amfanin koci ko abokin atisaye mai faɗin gaskiya, fiye da duk wani jadawalin da zai rubuta.

Yanzu ga inda maganar ta juya. Sau da yawa maganin raguwar sauri ta dole shi ne rage sauri da gangan. Mark Allen na Amurka ya je Kona, wato gasar duniya ta Ironman a Hawai, sau shida bai ci ba, yana fama da rauni da gajiya. Phil Maffetone ya ba shi shawarar ya riƙa yawancin gudunsa ba tare da zuciyarsa ta haura bugu 155 a minti ba. Allen ya sha faɗin cewa da farko sai da ya koma wajen minti takwas da kwata a mil ɗaya, abin kunya ga ɗan wasa irinsa, amma da tafiya ta yi tafiya ya dawo yana yin mil a ƙasa da minti biyar da rabi a kan wancan bugun. Ya ci Kona sau shida tsakanin 1989 da 1995, kuma gudun kilomita 42.2 cikin awa 2 da minti 40 da ya yi a can a 1989, ranar karonsa da babban abokin hamayyarsa Dave Scott, ya tsaya a matsayin tarihi har 2016. Daga baya Stephen Seiler na Jami'ar Agder a Norway ya bibiyi yadda zakarun wasannin juriya ke atisaye, ya tarar wajen kashi 80 cikin ɗari na zamansu mai sauƙi ne, irin wanda za ka iya hira kana yi.

Masu son wasan akasin haka suke yi. Ranar sauƙi ba su yi sauƙi ba, saboda za a ɗora a Strava, manhajar da ake nuna atisaye, abokai su gani, ranar wuya kuma babu sauran ƙarfin da za a yi wuyar. Kullum ana tsakiya, ana tara gajiya ba a tara ƙarfi. Ko 'yan Norway ɗin nan da ake ta kwaikwayo, Kristian Blummenfelt da ya ci zinaren Olamfik ta Tokyo da Gustav Iden da ya ci Kona a 2022 cikin awa 7 da minti 40, yawan huda fatar da suke yi suna auna sinadarin laktet da ke taruwa a jini in aiki ya yi tsanani, babban aikinsa shi ne ya hana su wuce iyaka. Mai kallo daga nesa yakan ɗauki yawan awannin ya bar takatsantsan ɗin. Ya kuma manta su ba su da ofis ko shago, in sun gama atisayen safe ci za su yi su kwanta.

Ba na cewa a ɗauki waɗannan ƙa'idojin kamar saukakku. Lissafin Maffetone na cire shekarun mutum daga 180 ƙiyasi ne, mutum biyu masu shekaru ɗaya na iya bambanta da bugu 20 a ƙololuwar zuciyarsu. Kashi 80 na Seiler kuma daga masu atisayen awa 15 zuwa 25 a mako aka samo shi, wanda ke da awa biyar kacal ba lalle rabon ya zauna masa daidai ba. Abin da ba ya canjawa shi ne a raba sauƙi da wuya a fili, kuma a tuna ranar wuya a keke ranar wuya ce ga ƙafar gudu. Mai sanya zazzafan keke ranar Talata da zazzafan gudu ranar Laraba yana cewa ai wasanni daban ne, ƙafa ɗaya yake duka sau biyu.

Akwai kuma wani tarko da ya keɓanta da wannan wasan. Ninƙaya da keke na gina zuciya da huhu da sauri, amma ba sa ƙarfafa ƙashi da jijiyar agara yadda gudu ke buƙata, su kuwa waɗannan watanni suke ɗauka kafin su saba. Sai numfashi ya ce zan iya kilomita 25, ƙashin ƙauri bai shirya wa 15 ba. Jan Frodeno na Jamus, wanda ya ci zinaren Olamfik a 2008, ya lashe gasar duniya ta rabin Ironman a Port Elizabeth a Satumban 2018 yana kan ganiyarsa, kwanaki kaɗan bayan nan aka gano tsagewar ƙashi a ƙugunsa, bai je Kona ba a shekarar. Ciwon da ya tsaya a wuri ɗaya a kan ƙashi, wanda za ka iya nunawa da yatsa kuma yake ƙaruwa in ana gudu, ba gajiya ba ce, ba a kuma yi masa jarumta.

In an tabbatar gajiya ce ta taru, abin da ake ragewa shi ne yawa. Nazarin da ya tattara gwaje-gwajen sassauta atisaye kafin gasa ya nuna an fi samun riba idan aka yanke kashi 40 zuwa 60 cikin ɗari na awanni har mako biyu, aka bar ɗan zafin atisayen da yawan fitowar yadda suke. Tsoron da ke hana mutane yin haka, wai ƙarfi zai zube, ba shi da tushe sosai. Hutun kwana uku ko huɗu ba ya rage komai, sai an yi mako biyu zuwa uku ba a motsa ba sannan ake ganin raguwa ta a zo a gani.

Idan kuwa an huta mako biyu, an ci an ƙoshi, an yi barci, sauri bai dawo ba, magana ta bar hannun koci ta koma ta likita. Ƙarancin sinadarin ƙarfe a jini ya zama ruwan dare ga masu gudu, musamman mata, kuma ma'ajiyarsa da ake aunawa da gwajin feritin kan yi ƙasa tun kafin gwajin jini na yau da kullum ya nuna komai. A ƙasashenmu sai a ƙara da zazzaɓin cizon sauro, wanda ke fasa jajayen ƙwayoyin jini, ya bar mutum yana haki makonni bayan zazzaɓin ya sauka. Akwai kuma wanda abincinsa ne bai kai aikinsa ba, ko don neman rage ƙiba ko don bai san yawan abin da wasanni uku ke ci ba. Kwamitin Olamfik na duniya ya fitar da matsaya kan wannan a 2014, ya sabunta ta a 2023, kuma alamominsa sun haɗa da ɗaukewar al'ada ga mata, raguwar sha'awa ga maza, da ƙashin da ke tsagewa a kai a kai. Wanda kuma raguwar saurinsa ta zo da ciwon ƙirji, jiri, ko bugun zuciya da ke tsalle ba bisa ƙa'ida ba, musamman bayan mura ko zazzaɓi, ya ajiye keke da takalmi har sai an duba zuciyarsa.